Wa Ya Taɓa Notin Baburina?

Kafin ku fara yi mini wa'azi a ƙasan rubutun nan, bari in faɗa muku da bakina. Eh, ni ce Kinanti, 'yar Pak Marjo mai garejin babura a bayan kasuwar Klaten, wadda za a kawo wa kayan lefe ranar Lahadi da hantsi. Kuma ni ce dai na sa sunana a tseren tsofaffin babura na wannan Lahadin, shi ma da hantsi. Ba mantuwa na yi ba. Tun cikin azumi na yi rajistar tseren, manyanmu kuwa sai watan jiya suka je wurin dattijon da ke lissafa musu ranar sa'a daga ranakun kasuwa, ya haɗa ranar haihuwata da ta angon, Mas Danang, ya ce duk shekarar nan babu rana mai albarka kamar wannan. Ko mutum ɗaya bai leƙo gareji ya tambaye ni ba.

Ranar Asabar, jajiberin abin, gidanmu ya koma kamar kasuwa. An fitar da kujerun falo an jera na haya masu fararen riguna, ƙamshin soyayyen tempe, wainar waken suya, ya cika ko'ina, mata sai kai da kawowa suke da faranti. A jikin ƙofar ɗakina Ibu, mahaifiyata, ta rataye kebaya, rigar bikinmu ta gargajiya, ruwan zuma mai duwatsu a wuya, da zanen batik da ta ɗaura ranar nata auren. Da gangan ta rataye su a nan, don duk shiga da fita sai sun goge ni a fuska.

Ni kuwa ina gareji, kwance a ƙarƙashin Tsoho.

Tsoho babur ɗin Bapak ne, mahaifina. Ya girme ni nesa ba kusa ba, jan tanki gare shi, ga ƙara kamar ana yaga kwano. A kansa Bapak ya yi tashe a filayen tsere, har yau akwai kofuna masu tsatsa a saman kabad. Shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, hannun damansa ya daina riƙe sifana, aka lulluɓe Tsoho da tamfol. Ni na yaye tamfol ɗin. Ni na sauke injin, na wanke kafireto, na canza takalman birki, na cire fitila da madubi da jak, na ɗaure 'yar gorar da ke tare man da ya tsiyayo. Abu ɗaya ya rage tsakanina da layin tashi, wato koren sitikan masu duba lafiyar babur. In ba su manna shi a tanki kafin la'asar ɗin Asabar ba, to babu tsere, sai dai kallo.

Aikin ƙarshe shi ne ɗaurin waya. Duk notin da in ya kwance zai iya kashe mutum, ana huda kansa a zura siririyar wayar ƙarfe, a murɗa ta da filaya, a ɗaure a jikin inji. Babba a cikinsu shi ne notin da ake zubar da baƙin mai ta ƙasa. Tun ban kai tsawon tebur ba Bapak yake karanta mini dokar: waya ta ja noti ta inda yake ɗaurewa, ba ta inda yake kwancewa ba. Yana da dalili. Ɗingishin da yake yi tun kafin a haife ni, man wani ne ya zube a kwana, shi kuma ya taka.

Na murɗa tawa, na lanƙwasa bakinta ciki don kada ta yanki hannun kowa. Bapak na zaune a kan kujerarsa ta roba da kofin shayi, yana kallona.

"Ya ka gani, Pak?"

"Hmm," ya ce.

Wanda ya san Bapak ya san wannan "hmm" ɗin yabo ne. A duk gidan shi kaɗai nake gani a ɓangarena. Bai taɓa cewa je ki ba, amma bai taɓa cewa kar ki je ba, ni kuma na ɗauki shirun nasa na yi matashi da shi.

"Kinan!" Ibu ta ƙwala daga cikin gida. "Mai ɗinki ta zo! Ki fito daga ƙarƙashin wannan gwangwanin!"

Na shiga. Aka cusa ni cikin kebaya, mai ɗinki ta cika bakinta da allurai tana cewa in shanye ciki. Ibu ta kamo hannuna, ta dubi farcena, ta yi salati.

"Dubi nan. Da wannan hannun za ki gaisa da uwar miji? Sekar, kawo lemun tsami!"

"Bu, Mas Danang ya san hannuna haka ya ce yana so."

"Danang ba shi zai zauna yana kallon farcenki ba, uwarsa ce. Kuma ina gaya miki, Nduk 'yata, gobe ƙafarki ba za ta taka wancan filin ba."

"Na roƙe ku a mayar da zuwan nasu yamma."

"An lissafa lokacin! Ke ce za ki gyara wa manya lissafi?"

Na ƙyale ta. Ba don na yarda ba, allura ce ke kusa da haƙarƙarina. Ibu ta saki hannuna ta fita da wayarta, ni kuma aka ci gaba da juya ni kamar kaza a kan wuta. An daɗe ana abu ɗaya. Ina tuɓe kebayar wayata ta yi ƙara, na ga saƙon Sekar, ƙanwata, wadda ke ɗaki na gaba amma ba ta isa ta yi magana a fili ba.

"Mbak yayata, Ibu ta kira Mas Danang a bayan kicin. Na ji ta da kunnena."

"Ta ce me?"

"Ta ce ya nemo wa babur ɗin laifi ko babu. Wai in yana son ta a matsayin suruka."

"Shi ya ce me?"

"Ban ji ba. Amma da ta ajiye wayar murmushi take."

Kun gane yanzu? Mas Danang, wanda zai aure ni, shi ne shugaban masu duba babura na ƙungiyar tseren. Ranakun aiki malamin makarantar koyon sana'a ne, ƙarshen mako kuma ya sa riga mai ruwan lemo ya hana mutane sakat. A wurin duban ma muka haɗu, ranar da na raka wani kwastoman Bapak, ya mayar da mu baya saboda hannun birki ba shi da dunƙule a baki. Na zage shi a raina har gida. Bayan kwana kaɗan ya zo gareji wai fulogi yake nema, alhali babur ɗinsa lafiya lau. Daga fulogi sai shayi, daga shayi ga mu nan.

Na mayar da wandon aikina, na ɗaura ɗankwali, muka ɗora Tsoho a bayan a-kori-kura. Har akwatin kayan aikina Bapak ya sa aka ɗora mini, abin ya faranta mini rai. Ya zauna a gefena ina tuƙi, hannunsa mara lafiya a kan cinya. Duk hanya zuciyata tafasa take. Na shirya wa Danang maganganu iri-iri, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi.

Filin ya cika. Rumfuna, hayaƙin injuna, dattawa masu furfura da tumbi suna ta fama da zip ɗin rigunan fata da suka ɗinka tun suna samari. Ana ganin Bapak aka fara tasowa, wannan ya sumbaci hannunsa, wancan ya kawo kujera. Rabin mutanen nan a garejinsa suka koyi riƙe sifana.

"A'a, amarya da kanta!" in ji Pak Wito, tsohon abokin hamayyar Bapak, mai gashin baki kamar burushi. "Gobe da kebaya za a hau, ko da rigar fata?"

"Da duk wadda zan wuce ka, Pak."

Aka kwashe da dariya, har da shi.

Layi ya yi tsawo, rana ta karkata kafin a zo kaina. Na tura Tsoho cikin rumfar dubawa. Danang ya ɗago, tabarau a kan hanci, gumi a goshi, fuskar nan babu alamar ya taɓa sanina.

"Barka da rana, Mbak. Lamba?"

Mbak! Mutumin da jiya-jiya ya turo mini hoton zobe yana tambaya ko ya yi, yau yake kira na kamar wata baƙuwa.

"Tana jikin babur, Mas, in tabaran na aiki."

Ya murɗa totur ya saki, ya ji ya koma da kansa. Ya matse birkin gaba ya jijjiga kan babur. Ya sa na tayar da inji, ya danna makashinsa, injin ya mutu nan take. Ya duba taya, ya girgiza salansa, ya shafa marfin sarƙa, ya juya hular kwanona ya karanta cikinta. Ina tsaye na harɗe hannu ina jiran in ga ta inda ƙaryar za ta fito. Sai ya durƙusa, ya kwantar da kai ya leƙa ƙarƙashin inji. Ya daɗe a wurin fiye da kima.

Da ya miƙe, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Bai wuce ba."

"Ka ce me?"

"Wayar notin mai. Baibai take."

Wallahi ban san lokacin da muryata ta tashi ba. "Baibai? Ni? Mas, in Ibu ta aike ka, ka nemi wata ƙaryar mai kyan gani. Ka ce fentin tanki bai yi maka ba, ka ce ƙarar ta dame ka. Amma waya? 'Yar Pak Marjo za ka ce ta ɗaura waya baibai?"

Mutane suka fara matsowa. Na hango wayoyi biyu sun ɗago suna ɗauka, ban damu ba.

"Kinan," ya ce, wannan karon da sunana. "Durƙusa ki gani."

Na durƙusa don in kunyata shi.

Wayar tana nan, an murɗa ta tsaf, amma ta ɗaya gefen ta zagaya. In injin ya yi ta jijjiga, ita da kanta za ta taya notin kwancewa. Kuma ba tawa ba ce. Ni bakin wayata ciki nake lanƙwasa shi sau ɗaya. Wannan an naɗe bakinta kamar ƙugiyar kamun kifi, kuma mutum ɗaya ne a duk Klaten yake gama waya haka.

Na juya na dubi Bapak. Yana zaune a bakin rumfa, sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana kallon ƙasa.

Abin da ya fara zuwa mini tausayi ne, har hawaye suka cika mini ido. Na ce a raina, Allah sarki, lokacin da nake wurin mai ɗinki ya lallaɓa ya kwanta a ƙasa, yana son a ce shi ya ɗaura wa Tsoho wayar ƙarshe kamar da, hannun hagu ya ruɗe shi. Yanzu ga shi za a gane a gaban yaransa. Na miƙe na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ni ce. Sauri na yi. Yanzu zan gyara."

"Kina da lokaci har a kira la'asar," in ji Danang.

Na ruga mota na buɗe akwatin kayan aiki. Sifanoni suna nan, sukudireba na nan, guduma na nan. Filayar murɗa waya babu. Ƙullin wayar ma babu. Na zazzage akwatin a ƙasa, na duba ƙarƙashin kujera, na sake zazzagewa kamar mahaukaciya. Da hannuna na mayar da su da safe.

Na dawo na tsuguna a gaban Bapak, yadda babu mai jin mu.

"Pak, filayar fa?"

"Tana gida."

"Hannunka ne ya..."

Ya ɗago ya dube ni. "Hannuna ne ya mutu, Nduk, ba kaina ba. Na fi shekara arba'in ina ɗaura waya. Ko a mafarki ba zan juya ta ba sai na ga dama."

Ban taɓa jin abu ya soke ni kamar wannan maganar ba. Na yi ta gadin ƙofa ina hararar Ibu da Danang, ashe wanda ya yi mini aikin yana zaune kusa da ni a mota.

"Notin na ɗaure shi tam," ya ce. "Kuma na san yaron nan ba zai bar ta ta wuce ba. Da ina shakkarsa da ban yi ba."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba kawai?"

"Da kin ji?"

"A'a."

"To." Ya shafa gwiwarsa mai ɗingishi. "Ba ruwana da lefe, ba ruwana da lissafin ranaku. Kwanar nan ta ƙarshe nake gani duk na rufe ido. Ni aka ɗauko daga can a kan ƙyauren ƙofa. Ba zan zauna in ga an ɗauko ki ba."

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye muku ba. Amma tausayi daban, yarda daban. Shi ya ɗora ni a kan tankin nan tun ina da majina a hanci, shi ya koya mini inda ake sakin totur a kwana, yanzu kuma da na iya sai a ce in je in sa kebaya in zauna?

"Ka yafe mini, Pak," na ce. "Zan nemo waya."

Na bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Ai kuwa na sha kallo. Mutanen da ko da yaushe waya ke zube a gabansu kamar taliya, yau kowa tasa ta ƙare. Sun ga fuskar Bapak sun gane, kuma babu mai son ya zama shi ya saɓa wa malaminsa. Na isa wurin Pak Wito, filaya na leƙe daga aljihunsa ƙuru-ƙuru.

"Pak, ara mini minti kaɗan."

Ya tura ta ciki, ya sosa gashin baki. "Nduk, ni da ubanki mun yi shekaru muna faɗa a kan hanya, amma ban taɓa shiga tsakaninsa da gidansa ba. Ki yi haƙuri."

"Tsoro kake kar in wuce ka."

"Har da wannan," ya ce, amma bai yi dariya ba.

Na koma rumfar dubawa hannu wofi. Layi ya ƙare, ana naɗe igiyoyi, daga masallacin ƙauyen da ke bayan fili na ji ana gwada lasifika. Na tsaya kusa da Tsoho, na cije leɓe don kar in yi kuka a gaban mazan nan. Danang ya dube ni, ya dubi Bapak. Sai ya cire rigar lemon nan ya ajiye a kan tebur, ya nufi inda ya ajiye motarsa.

Da ya dawo, tire ne a hannunsa. Tiren lefe, irin wanda ake lulluɓewa da farar leda mai sheƙi a ɗaure da kintinkiri da furanni. Ashe da safe ya karɓo su daga wurin mai ado, suna bayan mota. Ya ajiye shi a kan teburin da ke cike da baƙin mai, ya sa yatsa ya farke ledar. Na ga sallaya a naɗe kamar fure, da farin mayafin salla. Ya ɗaga mayafin. A ƙarƙashi ga sabuwar filayar murɗa waya mai jan hannu, ga ƙullin waya ko buɗe shi ba a yi ba.

"Naki ne," ya ce. "Gobe ya kamata ki gani. Na ɓoye a ƙasa don kar mahaifiyata ta cire."

Wani daga baya ya yi fito.

"Ibu ta ce ka kayar da ni," na ce da ƙyar.

"Ta ce. Na ce mata in akwai laifi zan gani, in babu ba zan ƙirƙira ba. Ina jin rabin farko kawai ta saurara." Ya juya wajen Bapak ya ɗan rusuna. "Ka gafarce ni, Pak." Sannan ya ce wa mataimakinsa, "Ni na ba ta kayan aiki, don haka ba ni zan duba ba. Kai za ka duba."

Na kwanta a ƙasa. Na datse wayar Bapak, ta faɗo kusa da kunnena. Na zura sabuwa, na zagaya da ita ta inda ya kamata, na murɗa. Ladan ya fara kiran salla ina lanƙwasa bakinta. Mataimakin ya leƙa, ya ja ta da yatsa, ya ɗauko koren sitika.

"Dakata," na ce. Na juya. "Pak, zo ka duba."

Na san abin da nake yi. Bapak zai iya ɓoye filaya, zai iya yi mini shiru wata guda, amma ba zai iya kallon waya a gaban yaransa ya yi mata ƙarya ba. Ya dogara sanda ya taso. Pak Wito ya miƙo hannu zai taimaka, ya ture. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa babban yatsan hagu ya taɓa wayar, ya bi ta tun daga noti har inda ta ƙare.

"Daidai ne," ya ce.

Aka manna sitikan a kan jan tanki. Bapak ya miƙe, bai kalle ni ba. "Gobe ba zan zo ba," ya ce, ya nufi mota a hankali. Wannan ta fi komai yi mini ciwo, amma ban bi shi ba. Na tura Tsoho cikin rumfar ajiya ta ƙungiya, na sa kwaɗo, na jefa makullin cikin rigata. Ba zai sake kwana a inda hannun wani zai kai gare shi ba.

Ina fitowa wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Sekar ce.

"Mbak!! Bidiyon ya zagaya."

"Uwar Mas Danang tana falonmu yanzu haka. Ta ga an farke lefe a kan teburin makanikai."

"Ta ce gobe da hantsi ko ki fito musu cikin kebaya, ko su juya da kayansu, kuma ba za su sake dawowa ba."

"Ibu kuka take. Me zan ce musu?"

Na miƙa wa Danang wayar. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya tsorata, na gani.

"Kai gobe da hantsi kana ina?" na tambaye shi.

"An sa ni aiki a layin tashi tun watan azumi," ya ce. "Ban nemi canji ba."

Na karɓi wayata. Na leƙa ta ramin rumfar na ɗauki hoton koren sitikan a kan tankin Tsoho, na buɗe zauren hirar danginmu a waya, inda kawunai da gwaggonni da Ibu suke duka, na tura ba tare da na ƙara ko kalma ɗaya ba. Nan take alamar karantawa ta fara hawa. A saman allon aka nuna Ibu tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa. Kafin nata ya shigo, sai ga wani saƙo ya faɗo, daga lambar da tun da aka buɗe zauren ba ta taɓa cewa uffan ba.

Bapak ne. Da hannun hagu ya rubuta, duk haruffan a karkace.

"A kwanar ƙarshe kar ki bi ta ciki. Akwai rami."